Baban Biyu Bai Danna Kore Ba

A layinsu babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Tun shekarar da matarsa ta sauka lafiya aka samu 'yan mata biyu, ya koma Baban Biyu, ita kuma Maman Biyu, har mahaifiyarsa da ke zaune a ɗakin ƙofar gida haka take kiransa. Mutum ne siriri, furfura ta fara ratsa gemunsa, shekarunsa arba'in da bakwai. Idan yana tafiya ƙasa yake kallo, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu saboda gwiwar da ke damunsa. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka wani abu ya yar yake nema.

Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, gyaran rediyo da fanka ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, a wani shago mai faɗin tabarma biyu. A nan ya tashi, cikin ƙaurin dalma da gwangwanayen kusoshi. Tsohon yana da wata ɗabi'a da ke ɓata wa masu kawo gyara rai: ko ya gama gyara rediyo ba zai bayar ba sai ta yi magana tun hantsi har azahar ba ta shaƙe ba. Yaron ya yi karatu gwargwado, bai kai inda ake zama injiniya ba. Ya yi aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta, daga nan wani kamfanin rubuta manhaja ya ɗauke shi shigar da sunaye. Can aka lura cewa duk abin da aka ba shi sai ya dawo yana cewa, "Wannan wurin fa idan aka latsa sau biyu tsayawa yake yi." Da abin ya yi yawa sai suka ce to, tunda idonka nan ya fi kaifi, zauna ka riƙa nemo mana.

Manhaja dai ita ce abin nan da ke cikin waya ko kwamfuta, ana latsawa tana yi wa mutum aiki. Akwai masu rubuta ta, su ne injiniyoyi. Shi ba ya rubutawa. Idan sun rubuta sun ce sun gama, sai a miƙo masa ya yi ta ja yana murɗawa, kamar yadda mace ke jan ɗinkin hammata kafin ta karɓi riga a hannun tela. Kowane yanki na aikin yana da layinsa a wani babban allo na kwamfuta da kowa ke gani. Idan ya gwada ya samu lafiya, ya danna kore, sunansa ya fito a gefe. Idan ya samu matsala ya danna ja, ya rubuta abin da ya gani. Ba a miƙa aiki ga masu shi sai allon ya zama kore daga sama har ƙasa. A ofis Mai Gwaji suke ce masa.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a hawa na uku na benen kamfanin, a dogon ɗaki mai sanyin na'ura, inda tebura ke jere kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Teburinsa na can ƙarshe, kusa da ƙofar ɗakin da ake dafa shayi. A aljihun teburin na sama akwai tsofaffin wayoyi bakwai, wasu fuskarsu ta tsage, ɗaya an ɗaure ta da roba. Da su yake gwaji, don ya ce masu amfani da aikin ba irin wayar injiniyoyi ke hannunsu ba. A aljihun ƙasa dardumarsa take. Yana salla a ɗakin ajiya, tsakanin kwalaye da karyayyun kujeru. Duk tsawon shekarun nan ba a taɓa mayar da shi ma'aikacin dindindin ba. Takardar aikinsa ta shekara ɗaya ce, idan ta ƙare sai shugaban rukuninsu ya sa hannu a sabunta. Da wannan takardar yake riƙe da mutum biyar, har da shi kansa.

Shugabanni uku ya gani sun zo sun tafi kafin na huɗun. Wannan matashi ne, bai fi talatin da ɗaya ba, ga ilimi ga kaifin kai, wannan kam ba mai musu. Yana ɗaure da wani agogo mai kawo wuta idan an ɗaga hannu, kuma ko gaisawa ake yi da shi sai ya ɗaga. Kafin sati ya zagayo 'yan ofis sun sa masa Mai Agogo. Shi ya kawo taron tsaye: kullum ƙarfe tara kowa ya miƙe a kewaye allo, ba a zama, kowa minti ɗaya ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da zai yi yau. Baban Biyu yakan jingina da bango ya sauke nauyinsa a ƙafar dama.

"Baba, kai fa? A taƙaice don Allah, ba huɗuba ba."

Haka yake kiransa, Baba. A bakin wani girmamawa ce. A bakin Mai Agogo kuwa tana fitowa da ɗan murmushi a gefe, yadda ake kiran tsohuwar mota.

Halinsa ba na zagi ba ne, da ma zagi ne da an san inda aka dosa. Zai ce a yi abu da safe, da la'asar ya ce shi bai taɓa faɗa ba. Zai katse mutum a tsakiyar magana ya ƙarasa masa da abin da ba shi zai ce ba. Idan aiki ya yi kyau a gaban Manaja, babbar da ke sama da su duka, sai ka ji "na yi". Idan ya lalace sai ka ji "sun yi". Injiniyoyi biyu suka ajiye aiki cikin wata huɗu. Wata injiniya mai tabarau, wadda teburinta ke kusa da na Baban Biyu, takan cire tabarau ɗin ta dafe goshi ta ce, "Kawu, ni fa wata rana sai dai ka ji an ce na jefa agogon nan ta taga, da hannun a ciki."

"Ki bari sai ranar da ba na nan, 'yata. Ba na son a kira ni shaida."

Shi dai ya nemo hanyarsa a hankali. Ya sayi ƙaramin littafi, duk umarnin da aka ba shi ya rubuta da rana da lokaci, sannan ya aika wa Mai Agogo saƙo: "Yallaɓai, kamar yadda ka ce ɗazu, zan fara da kaza in bar kaza. Idan na ji ba daidai ba a gyara mini." Bai taɓa musa masa a gaban mutane ba. Ya lura cewa kafin ya ci abincin rana ba a samun kansa, don haka duk magana mai nauyi sai bayan azahar. Ya lura kuma idan aka kawo masa hanya ɗaya zai ƙi, idan aka kawo biyu zai zaɓa ya ce tasa ce. Ya kuma lura da wani abu da sauran ba su gani ba: duk ranar da Manaja ta kira Mai Agogo ofishinta, idan ya fito ya zo haɗa shayi sai ya zuba sukari ya manta ya sake zubawa. Tun daga ranar ya rage jin haushinsa, ko da yake bai daina jin ciwon Baban nan ba.

A haka suka yi wata tara, har aikin asibitoci ya zo.

Wasu ƙananan asibitoci ne suka haɗu suka ba kamfanin aikin manhajar katin marasa lafiya, a daina neman kati a cikin kwali. Babbar damuwarsu ita ce mutum ɗaya sai a same shi da kati uku, don yau an rubuta sunansa haka, gobe wata ma'aikaciya ta rubuta da ɗan bambanci. Mai Agogo ya ce wannan yankin shi zai rubuta da hannunsa. Ya yi dabara mai kyau: idan manhajar ta ga kati biyu ranar haihuwa ɗaya, sunan uba ɗaya, lambar waya ɗaya, sunan kuma bambancinsa bai wuce harafi biyu ko uku ba, sai ta ce ai mutum ɗaya ne, ta haɗe su ta riƙe wanda aka fara buɗewa. Ya nuna wa Manaja, ta yaba masa a gaban kowa. Aka sa ranar Alhamis za a miƙa aiki. A ƙarshen wannan watan ne kuma takardar Baban Biyu za ta ƙare.

Ranar Litinin da hantsi yankin ya iso teburinsa. Ya gwada da sunaye iri-iri, komai daidai, har ya ce a ransa yaron nan Allah ya ba shi kai. Ya kai hannu zai danna kore sai ya tsaya. Ya ɗauko wayar nan mai roba, ya buɗe sabon kati ya shigar da 'yarsa ta fari. Ya buɗe wani ya shigar da ƙanwarta, wadda ta biyo ta da minti ashirin. Rana ɗaya, uba ɗaya, lambar uwarsu ɗaya. Sunayen kuwa, kamar na yawancin tagwaye, harafi biyu ne ya raba su.

A katin ƙaramar ya rubuta abin da ke rubuce da jan biro a katinta na gaske. Tana da shekara uku aka taɓa yi musu allura iri ɗaya saboda ciwon kunne. Yayar ta warke ta koma wasa. Ita kuwa kafin su kai bakin titi fuskarta ta kumbura, numfashinta ya koma kamar ana busa ƙaramin usur. Da gudu ya koma da ita a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Allah ya yi da sauran kwana. Tun ranar duk inda za a kai ta sai an faɗa, an kuma nuna katin: kada a yi mata wannan allurar.

Ya latsa ajiyewa. Wayar ta ɗan yi tunani, sannan katin biyu suka zama ɗaya. Sunan yayar ne ya tsaya. Ya duba wurin gargaɗi, fari fat, babu komai.

Ya daɗe yana kallon tsagaggiyar fuskar wayar. Ya sake gwadawa a sauran shidan, duk haka. Ya danna ja, ya rubuta abin da ya gani dalla-dalla, ba tare da ya ambaci wanda ya rubuta yankin ba. Ya jira aka yi azahar, aka ci abinci, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar gilashin Mai Agogo.

"Yallaɓai, minti uku nake roƙo."

"Biyu. Na ga janka. Baba, tagwaye? Duk duniyar nan abin da ka samo ke nan?"

"Shi na samo, yallaɓai. Sauran duk lafiya, aikin ya yi kyau ƙwarai. Nan ɗin ne kawai."

"Ka san tagwaye kashi nawa ne cikin ɗari? Ɗaya ne, ko biyu in an yi yawa."

"A gidana ɗari ne cikin ɗari."

Mai Agogo ya yi dariya, amma gajeriya. Baban Biyu ya kawo hanyoyinsa biyu kamar yadda ya saba: ko a sa manhajar ta riƙa tambayar ma'aikaciya kafin ta haɗe, ko a kashe haɗewar gaba ɗaya a miƙa sauran ranar Alhamis, a ƙarasa daga baya. Wannan karon bai zaɓi ko ɗaya ba.

"Haɗewar ita ce abin da suka zo nema. In kashe ta in miƙa musu me? Tambayar kuma aikin kwana huɗu ce. Ka danna kore, mu sa shi cikin gyaran wata mai zuwa. Na yi maka alkawari."

"Wata mai zuwa akwai kwana talatin kafin ya zo, yallaɓai. Asibiti bakwai ne."

"To ni na ce na ɗauki nauyin."

"Allah ya saka da alheri. Sai dai ba sunanka ke fitowa a gefen koren ba. Koren nan cewa yake na gwada na ga lafiya. Ni kuwa na gwada, ban ga lafiya ba."

Mai Agogo ya ɗaga hannu agogon ya kawo wuta. Bai kalle shi ba ya jawo wata takarda daga ƙarƙashin wasu, ya ɗora ta a sama, ya daidaita gefenta da yatsa. Baban Biyu ya gane ta tun daga nesa, takardar sabunta aikinsa ce, ya ga irinta sau goma.

"Ana ta tambayata wa rukunin nan ke buƙata baɗi, wa ba ya buƙata. Ni mai taimaka mini nake so, Baba, ba mai riƙe mini ƙafa ba. Ka je ka yi tunani."

Da magariba bayan ya dawo daga masallaci ya samu Maman Biyu tana ninke kayan makarantar yaran a tsakar gida. Ya zauna a bakin tabarma ya faɗa mata komai. Mace ce mai magana kai tsaye, ba ta iya zagaye ba.

"Yanzu kai ne likitan, ko kai ka gina asibitin? Mutum ya ce ya ɗauki nauyi, ka bar masa kayansa mana. Shekara goma sha ɗaya kana haƙuri da masu kai kamar tukunya, sai yanzu da furfura ta fito za ka fara jarumta? Wa zai ɗauki mai shekara arba'in da bakwai, ga yara sabbin fitowa suna yawo da takardu?"

"Babu, wataƙila."

"To?"

Daga ɗaki ana jin tagwayen suna faɗa a kan fensir, kakarsu na cewa duk wadda ta sake kuka ita ce mijinta zai zama mai ƙaton hanci. Ƙaramar ta fito da gudu ta faɗa jikin uwarta tana kai ƙara. Maman Biyu ta gyara mata ɗankwali, ta riƙe fuskarta da hannu biyu ta ɗan jima tana dubawa, sannan ta ce ta koma ta ce wa yayarta in ji Mama a ba ta. Da yarinyar ta shige sai ta ci gaba da ninki, ta ninke riga ɗaya ta warware ta sake ninkewa.

"Ni dai ban ce ka danna ba," ta ce can ƙasa. "Ban kuma ce kar ka danna ba. Kada gobe ka ce ni ce."

Ranar Talata Mai Tabarau ta jawo kujerarta kusa da shi. Ta ga jan, ta kuma gwada da kanta.

"Kawu, ka tura wa Manaja kai tsaye. Ka sa hoton, ka sa komai. Wallahi yau ɗin nan za ta sauke masa girman kan nan."

"In tsallake shi in je sama, ya ji a bakin wata? A'a. Abin yana kan allo, duk mai ido zai gani."

"Manaja ba ta duba allo sai ranar miƙawa, ka fi ni sani."

"To ranar za ta gani."

Abin da ya yi kawai shi ne ya sake aika wa Mai Agogo saƙo, cewa yana nan a kan bakansa, kuma ba zai kai maganar ko'ina ba, amma idan aka tambaye shi zai faɗi abin da ya gani. Ba a ba shi amsa ba. A taron tsaye na Laraba da aka zo kansa, Mai Agogo ya tsallake shi ya kira na gaba.

Alhamis ƙarfe goma aka taru a ɗakin taro. Manaja ta zauna a bakin tebur, mace mai kimanin shekara hamsin, ba ta da yawan magana, ga waya biyu a gabanta suna ta haske. Aka haska allon a bango. Layi arba'in da shida kore, ɗaya ja, can wajen tsakiya.

"Wannan fa?"

"Ƙaramin abu ne, ranki ya daɗe," in ji Mai Agogo da fara'a. "Mun riga mun sa shi a gyaran gaba. Baba ne bai samu ya danna ba, kin san hannun manya sai a hankali."

Wasu suka yi 'yar dariya. Manaja ta duba wayarta ta ce, "To Malam, danna mana mu wuce, mutanen suna jira ƙarfe biyu."

Kwamfutar tana gabansa, an riga an buɗe masa wurin. Ya ji gwiwarsa na zugi ko da yake a zaune yake. Ya yi bisimilla a zuci, ya sa hannu a aljihu ya fito da wayar nan mai roba.

"Ranki ya daɗe, a yi mini afuwa. Kafin in danna ina so ki ga wani abu da idonki. Idan kin gani kin ce a wuce, ke ce babba, sai a nemi wanda zai danna."

Ya zagaya ya tsaya kusa da ita. Ya shigar da yara biyu a gabanta, ya rubuta gargaɗin allura a katin ɗaya, ya miƙa mata ya ce ita ta latsa. Ta latsa. Ta ga biyu sun zama ɗaya. Ta ja fuskar wayar sama da ƙasa tana neman gargaɗin, ta sake ja.

"Dabarar tana da kyau," ya ƙara da sauri. "Na gwada ta a wuri fiye da ɗari ba ta yi kuskure ba. Wanda ya rubuta ta ya san aikinsa. Nan ne kawai."

"Yaushe aka gano?"

Tambayar da ya yi kwana uku yana roƙon Allah kada a yi masa ke nan. Ya dubi tebur.

"Litinin."

"Ka faɗa wa wa?"

"Na rubuta a allo. Na kuma faɗa wa shugabana."

Manaja ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye wayar a hankali, ta ce a kira asibitocin a ba su haƙuri sai Alhamis ta sama, ta ce kowa ya koma bakin aikinsa ban da Mai Agogo. Da suna fita Mai Tabarau ta matse hannunta a ƙirji tana raɗa, "Kawu, yau ko ban ci abinci ba na ƙoshi." Shi kuwa ɗakin ajiya ya wuce, ya zauna a kan kwali, ya daɗe bai fito ba.

Cikin kwana huɗu aka gyara. Yanzu idan manhajar ta ga kati biyu masu kama, sai ta jera su gefe da gefe ta tambayi ma'aikaciya, mutum ɗaya ne ko biyu? Baban Biyu ya gwada a wayoyinsa bakwai, ya ga 'ya'yansa sun tsaya kowa da katinta, ya danna kore. Aka miƙa aiki, asibitoci suka yi godiya. Mai Agogo bai sake ce masa Baba ba. Bai sake ce masa komai ba ma, sai dai "a gwada kaza" a rubuce.

Ana saura kwana uku wata ya ƙare mai kula da ma'aikata ya kira shi. Ya yi ta juya biro yana bayani cewa shugaban rukuni ya kawo sabon tsari, daga yanzu kwamfuta ce za ta riƙa gwada manhaja da kanta, don haka ba za a sabunta takardarsa ba. Ba laifi aka ce ya yi ba. Ya nemi ganin Manaja, ta karɓe shi da mutunci, har ta miƙe ta ba shi kujera. Ta ce ba ta manta abin da ya yi ba. Ta ce amma tsarin rukuni na shugaban rukuni ne, idan ta fara soke masa hukunci to sai ta sauke shi, kuma akwai manyan ayyuka biyu da aka ba kamfanin saboda shi. Ta rubuta masa takardar yabo mai shafi guda da hannunta. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Ranar ƙarshe bayan azahar yana zuba kayansa a kwali, darduma da kofin shayi da man zafin gwiwa, sai ya ji mutum tsaye a kansa. Mai Agogo ne, riƙe da kwamfutarsa a buɗe. Ya jawo kujerar Mai Tabarau, wadda ta tashi ta bar wurin don kada bakinta ya suɓuce, ya zauna.

"Kwamfutar da za ta yi gwajin," ya ce yana kallon allonsa, "sai an faɗa mata abin da za ta nema. Irin na tagwayen nan. Akwai wasu?"

Baban Biyu ya dube shi. Idanun yaron sun faɗa, ya rame a wuya. Zai iya cewa lokacinsa ya ƙare, babu mai ganin laifinsa. Ya ture kwalin gefe.

"Akwai. Rubuta. Uba da ɗa masu suna ɗaya a gida ɗaya. Tsohuwar da ba ta san ranar haihuwarta ba, ma'aikata su sa mata ɗaya ga watan ɗaya, ita da tsofaffi ɗari. Matar da mijinta ya rasu tana amfani da lambar wayarsa. Jaririn da aka kawo kafin a raɗa masa suna. Unguwar da mutum goma ke ba da lambar mai shago."

"A hankali, a hankali. Jaririn me?"

"Wanda ba a raɗa wa suna ba tukuna. Sai su rubuta jaririn wance. In ta haifi biyu fa?"

Mai Agogo ya tsaya da bugawa, ya ce, "Kai." Sannan ya ci gaba.

Har aka kira la'asar suna nan, ɗaya na faɗa ɗaya na rubutawa, suka cika layi sittin da wani abu. Da suka gama Baban Biyu ya jawo aljihun sama ya nuna masa wayoyin, ya ce mai robar sai an danne gefenta kafin ta kama caji. Mai Agogo ya rufe kwamfutarsa, ya miƙe, ya ɗan tsaya.

"Da ka danna ranar, da na sa hannu."

"Na sani, yallaɓai."

Ya gyaɗa kai ya koma ofishinsa ya ja ƙofa.

Baban Biyu ya sauka benen a hankali, mataki ɗaya-ɗaya, kwalin a ƙirjinsa. Ya iso gida rana ba ta faɗi ba. Maman Biyu ta tare shi a ƙofa ta karɓi kwalin, ta leƙa ciki, ta ajiye a bayan ƙyaure inda surukarta ba za ta yi tuntuɓe da shi ba. Ta kawo masa ruwa, ta tsaya har ya shanye.

"Ya ba ka haƙuri?"

"A'a. Amma ya zauna ya rubuta duk abin da na faɗa masa."

"Rubutu za mu ci?"

"Allah zai kawo."

Ta karɓi kofin ta juya, har ta kai ƙofar madafa sannan ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, farar rigarsa tana nan ta goge ta, in zai fita neman aiki gobe ita zai sa, kuma ya rage gemun nan kada su ɗauka kakan wani ne ya rako jikansa.

Washegari ƙarfe bakwai ya fito cikin farar rigar, takardunsa a cikin leda, ya bi layi yana gaisawa da mutane kamar kullum. Wata biyu ke nan yau yana fita. An kira shi wuri biyu, ɗaya sun ce za su neme shi. Allah ya buɗa masa, ya rufa asirin gidansa.